Sunanka da Na Kasa Gogewa

Ƙofar Dundaye, Sakkwato
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayana Gazali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da Anti Mariyatu, da fatan kuma ruwan saman Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a sabon aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Wamakko ranar Lahadi, ta dawo tana mitar ka manta da ita. Jiya na kira ka sau bakwai ba ta shiga, Anti ta ce an kai ku horo cikin teku sai gobe Asabar za ku sauka. Shi ya sa na rubuta da hannu, zan ɗauki hoton takardar in tura maka. Gaskiya ko da ka ɗauka, ban san ko bakina zai iya faɗa ba.

Yaya, akwai matsala a ofis, kuma sunanka ne a ciki. Da za ka tafi ka bar mini Kubanetis ɗin da ka gina, wato tsarin kwamfutar da ke tafiyar da manhajar asibitoci huɗun da kamfaninmu ke yi wa aiki. Ka zaunar da ni ka koya mini rabon izini: wannan ya duba kawai, wancan ya gyara ɓangarensa, babban izini kuwa na mutum ɗaya ne. Maganarka ta ƙarshe a tasha ita ce in goge sunanka daga jerin masu izini da zarar na koma ofis. Ban goge ba. Na buɗe na gan shi a saman jeri, sai hannuna ya ƙi. Ni da ko a gida ba na kiran sunanka gatsal, ta yaya zan share shi kamar na korarre? Na ce sai gobe. Yau wata biyar ke nan ina cewa gobe.

Ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar ganin marasa lafiya, ɓangaren da ke riƙe da sakamakon gwaje-gwaje ya ɓace ɗungurungum. Ba lalacewa ya yi ba, goge shi aka yi. Asibitin da ke Gidan Dare suka koma biro da takarda, mata masu awo suka yini a kan benci. Sai bayan la'asar na samu na dawo da shi daga kwafin da muke ajiyewa. Shugabanmu Oga Elisha ya sa na buɗe rajistar da ke nuna wanda ya taɓa kowane abu, sai ga shi ƙarara: da makullinka, wato lambar sirrinka, aka shiga, ƙarfe goma da minti goma sha biyu. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya a hankali ko ba ka daɗe da barin aiki ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na san ba kai ba ne. Zargina yana kan abokinka Tambari na ofishinmu. Tun da na ba shi izinin dubawa kawai yake cika yana batsewa, wai yarinyar da ya goya ce za ta nuna masa iyakarsa. Ranar Talata ya nemi in buɗe masa ɓangaren gwaje-gwajen zai sabunta wani abu, na ce ya bari a gwada tukuna. Ya yi dariya ya ce ai ƙofa ba ɗaya ba ce. Yanzu ko ido ba ya haɗawa da ni. Kai kuma na san halinka, ba ka iya ce wa aboki a'a ba. Kai ne fa ka ba shi aron babur ka tafi ɗaurin aure a ƙasa.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Kamfanin da ka koma sun aiko wa Oga takardar neman shaida a kanka kafin su tabbatar da kai a aiki, tana nan kan teburinsa. Ya ce ba zai ɓata ka a kan zato ba, amma ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Ya ba ni zuwa Litinin. In babu bayani, abin da rajista ta nuna zai rubuta. Don girman Allah, da ka taka ƙasa ka kira shi ka faɗa masa wanda ka ba makullin. Kada ka rufa wa Tambari asiri da sunanka. Ni na riga na amsa nawa laifin, ko me za a yi mini na ji.

Inna ba ta sani ba. Ta dai ga ba na cin abinci, sai tambaya take wai mi yas same ni, na ce zafi ne. Tana gaishe ka, haka Kawu Hayatu da Gwaggo Hasana. Ka gaishe mini da Anti, ka ce lallenta na nan zan ba direban motar Fatakwal.

Yau da safe na goge sunanka, Yaya. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e, na shiga banɗaki na yi kuka. Ina ganin girmama ka nake yi da na bar shi, ashe barinsa na yi a hanya kowa ya taka. Ka yafe mini, kuma ka kira kafin Litinin.

Ƙanwarka,
Rukayya