Rijiyar Baba

Daren Laraba, cikin watan Sha'aban

Yau ma masu awon ruwa sun zo. Da suka gama da bututun da suka kafa a bayan katangar tsohon depon mai, suka shigo gidanmu suka ɗaga murfin rijiyar Baba. Ina tsaye guga ya fito. Ruwan garau a ido, har na fara murna. Amma da na sunkuya, warin fetur yana nan, ya dai ragu.

Matar da ke jagorantarsu ta ce tun da aka kwashe ƙasar da man ya jiƙa, abin yana ta sauƙi. Na ce, "Hajiya, yaushe za mu sha?" Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, za su yi ta dawowa awo, wataƙila shekaru.

Inna tana kwance a ɗaki. "Mi sunka ce, Hadiza?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Ruwan 'yan garuwa ba shi kashe min ƙishirwa. Ubanku da hannunai yag gina ta, rabin unguwar Runjin Sambo nan sunka ɗiba."

Ina kewar hayaniyar matan unguwa a tsakar gidanmu, da Baba, Allah ya jiƙansa, yana alwala a bakin rijiyar. Ni zan iya jira. Inna ce ban sani ba, kullum ƙara ramewa take.

Ta roƙe ni gobe in kama ta zuwa bakin rijiyar, ko leƙawa ta yi. Zan kai ta da sassafe, kafin rana ta yi zafi.