Kafin Ranar da Lokotoro Ya Sa

Gidan Rumji, farkon damina, 1960

Zuwa ga yayata Shatu, a Cadawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Rabo da yara. Mu nan lafiya lau. An yi shuka, hatsi ya tsiro.

Yaya, mun je asibitin Maradi ni da maigidana, lokotoro ya duba ni. Ya ce ƙuguna ne ya yi ƙunci, kan ɗa ba ya iya wucewa, kuma abin da ya kashe 'ya'yana biyun farko ke nan. Ya ce wannan kada in yarda in durƙusa masa a gida. In zo asibiti gab da Mauludi in zauna, su sa rana su tsaga cikin su fidda shi tun naƙuda ba ta taso ba. Ya nuna mini da yatsa inda wuƙa za ta bi. Na ce to.

Maigida ya yi murna da maganar. Inna, mahaifiyarsa, ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta taɓa jin an yanka mace kamar tunkiya ba kuma ta tashi. Ban ji tsoro ba, ban kuma ji daɗi ba. Cikin yana motsi, ina jin sa kamar motsin akuya a bayan ɗaki. Biyun ma haka suka yi ta motsi.

Yanzu an tafi da maigida Yamai, shi da motar buro, wato ofishin gwamnati, da yake tuƙawa, wai ana bukatar motoci saboda bikin mulkin kai. Ba a faɗa masa ranar dawowa ba. Saura ni da Inna.

Roƙona, ki zo ki zauna da ni a Maradi in lokacin ya yi. Da hannuna na rubuta wannan, da ajamin da Baba ya koya mana, don kada wani ya ji.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Balkisu.

Cadawa, lokacin noman fari

Zuwa ga Balkisu.

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna Kande. Takardarki ta iso ranar kasuwa, a bakin murhu na karanta ta har tuwo ya kama.

Zan zo mana, wannan har sai kin roƙa? Da mun gama maimai zan bar wa Rabo yaransa in hau mota. Gidan Kawu Dodo za mu sauka, na riga na aika masa.

Amma ki ji ni da kyau. Kada ki zauna jiran Mauludi. Kin san gulbi in marka ta kankama, mota ba ta ƙetare shi sai ya ga dama. Ki tattara ki tafi tun yanzu. In Inna Kande ta hana, ki ce ɗanta Habu ne ya bar wannan umarni, in ya dawo ni zan yi masa bayani.

Akwai wata mata a nan bayan masallaci da aka yi wa irin aikin nan a Damagaram. Na je har gidanta ta buɗe mini cikinta na gani. Ɗinki ne kawai. Ga ta nan tana daka, ga ɗanta yana bin awaki.

Kuma ki daina kwatanta wannan da waɗanda suka tafi. Ki ci abinci. Na ɗinka 'yan riguna, tunda na san ke ba ki ɗinka ba.

Allah ya raba lafiya.
Yayarki, Shatu.

Yamai, watan Safar

Zuwa ga Yaya Shatu, da girmamawa.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da tambayar lafiyar iyali, dalilin takardata shi ne kamar haka.

An bugo waya daga Maradi zuwa buro, an ce in sani iyalina tana asibiti, an yi mata aiki. Wanda ya karɓi saƙon bai tambayi komai ba bayan haka. Ban san ko tana magana ba. Ban san ko akwai ɗa ba. Kuma lokacin da lokotoro ya sa bai yi ba, saura kusan wata guda, shi ya sa na kasa gane abin da ya faru.

Na nemi izinin tafiya, an ce sai manyan baƙi sun watse. Nan ana ta kiɗa da jawabai, an ɗaga sabuwar tuta, ni kuma ina kai mutane ina dawo da su. Jiya na wuce gidan da aka aike ni ban sani ba.

Na san ke ba ki ɓoye magana. Don Allah ki rubuto mini yadda abin yake, ko mene ne.

Wassalam.
Naki, Habu.

Maradi, gidan Kawu Dodo

Zuwa ga Malam Habu.

Ina gaishe ka da aiki. Ka fara jin wannan: matarka tana da rai, kuma kana da ɗiya mace, ita ma tana da rai. Kawu Dodo ya tsaya a madadinka ranar suna, an raɗa mata Fatima, muna ce mata Binta. 'Yar mitsitsiya ce amma tana kama nono.

Sauran kuma ga shi, yadda mahaifiyarka ta ba ni da yadda na gani.

Na rubuta wa Balkisu ta taho tun da wuri, ba ta taho ba. Ba wanda ya hana ta, ba ta ma faɗa wa kowa ba. Da hantsi tana tsinkar kuɓewa a bayan gida ruwa ya fashe mata. Ta shigo ta zauna a kan turmi, kuɓewar na hannunta. Inna Kande ce ta ga zanenta a jiƙe.

Maƙwabta suka kira Tala ungozoma. Ta duba ta, ta ce, "A shiga da ita ɗaki ta durƙusa, abu ya zo."

Inna ta tare ƙofa ta ce, "Ba za ta durƙusa ba."

Tala ta ce, "Kande, ba ke ce kika ce ba a yanka mace ba?"

Ta ce, "Ni ce. Kuma ni ce na naɗe biyun farko a tsumma na miƙa wa maza. Ba zan naɗe na uku ba."

Ta fita ko mayafi babu, ta tafi tasha. Ta tarar da motar wani Ɗahiru an ɗora mata fatu za ta Maradi. Ya ce gulbi ya cika, shi sai gobe. Ta zauna a ƙasa gaban motar har ya yarda.

A kan fatun aka kwantar da Balkisu, ruwan sama yana dukan su. Da suka isa gulbi, ruwa ya shafe hanya. Mutanen da ke jira a bakin gaɓa suka aro gadon kara a wata bukka, suka ɗora ta, suka ɗauka a ka suka shiga, ruwa har ƙirji. Mahaifiyarka ta riƙe ƙafar gadon ta bi su, a shekarunta. A ƙetare wata mota ta juya ta kawo su gari wajen la'asar, ranar da ake bikin mulkin kai.

Lokotoro bai ɓata lokaci ba. Amma naƙudar ta daɗe, mahaifa ta riga ta tsage. Ya fidda yarinyar, ya ga jini ba zai tsaya ba, sai ya cire mahaifar gaba ɗaya. Balkisu ba za ta ƙara haihuwa ba. Ka ce in faɗa maka ko mene ne, shi ya sa na faɗa.

Ni labarin a kasuwar Cadawa ya same ni, na taho da zanen da ke jikina.

Abin da ya fi damuna yanzu ba ɗinkin ba ne, yana warkewa. Ita ce. In an miƙa mata yarinyar ta karɓa ta ba ta nono, in an karɓe ta saki. Ba ta kallon fuskarta. Matan da ke zuwa barka suna ta yabo, wai ga mai kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Ni na goyi Balkisu, na san kunyarta. Wannan ba ita ba ce.

Na ce mata, "Balki, dubi hancin nan, na Baba ne."

Ta ce, "To."

Na ce, "Wani wuri na yi miki ciwo?"

Ta ce, "Babu."

In sun sake ka, kada ka tsaya ko'ina.

Allah ya kawo ka lafiya.
Shatu.

Maradi

Zuwa ga Maigida.

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Yaya ta ce in rubuto maka da kaina, ga shi na rubuto.

Jikina da sauƙi. Ina tafiya har bakin ƙofa. An hana ni wankan jego da ruwan zafi saboda ɗinki, Inna tana goge mini jiki da tsumma. Ina shan kunun kanwa.

Yaya ta faɗa maka ban taho da wuri ba. Gaskiya ne. Kullum ina cewa gobe. Na ɗaure kaya na ajiye a gefen gado, in na tashi da safe in dube su in fita aiki. Ban san dalili ba. Ina jin a raina na riga na gama da cikin tun kafin ya girma, sai na ga tafiyar ba ta da amfani.

Abin da nake tunawa kaɗan ne. Warin fatu. Sai sama tana tafiya a kaina lokacin da suka ɗauke ni, da numfashin mutanen a ƙarƙashina. Na ce a raina haka ake kai gawa, ashe babu wuya. A gari na ji ganguna. Aka sa mini wani abu a hanci. Da na farka aka ce na haihu.

Biyun farko na sha wuyarsu, na gan su, na yi kuka. Wannan ba na nan aka yi. An nuna mini ita an ce tawa ce, na yarda, don ba su da dalilin yi mini ƙarya. Ina ba ta nono, ina gyara mata kwanciya. Amma kamar ɗiyar maƙwabta aka bar mini a je rijiya a dawo. Ina ta jira a zo a karɓa.

Lokotoro ya zo da tafinta ya yi mini bayanin mahaifar. Tafintan ya sunkuyar da kai yana faɗa. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Inna ce ta fita waje ta yi kuka.

Mata suna cewa kunya ce, na bar su a haka. Kai dai ba na son ka zo da murnarka ka tarar da ni haka ba ka sani ba.

Ka huta lafiya.
Balkisu.

Yamai

Zuwa ga iyalina Balkisu.

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni, ta Yaya Shatu ma ta same ni.

Na so in rubuta magana mai kyau, na fara na yaga. Ban san abin da ake faɗa ba. Ba sai kin ji komai ba kafin in zo. Kada ki tilasta wa kanki saboda ni ko saboda masu barka. Maganar mahaifa kuwa, an cire ta ke kin tsaya, ni wannan na sani.

An ba ni izini. Ranar Juma'a zan taso, in Allah ya yarda. Ki gaishe da Inna, ki ce mata na ji abin da ta yi.

Wassalam.
Habu.

Gidan Rumji, da kaka

Zuwa ga Yaya Shatu.

Ina gaishe ki, da Malam Rabo da yara. Mun dawo gida lafiya, ana girbi.

Jiya na shiga gidan Tala aron rariya, na bar yarinyar wurin Inna. Unguwar cike take da jarirai, kullum akwai mai kuka. Muna tsaye Tala tana magana, sai wani kuka ya taso ta bayan danga. Ba wanda ya ce mini nata ne. Na dai ga kaina a tsakar gidanmu, babu rariya, takalmi ɗaya, gaban rigata ya jiƙe da ruwan nono.

Ba abin da ya same ta, ƙuda ne ya dame ta. Na ɗauke ta na zauna. Ta yi shiru tana kallona, ni ma na kalle ta. Inna ta miƙo hannu za ta karɓa, na ce ta bar ta tukuna.

Ban sani ba ko shi ke nan. Na ce dai in faɗa miki.

Ƙanwarki, Balkisu.