Shafukan da 'Yarka Ta Cire

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai faɗan da ta saba, kuma rufin ɗakinta da ka damu da shi an gyara.

Maganar 'yarka ce ta sa na zauna rubutu, wadda muke tsokana da Injiniya tun tana ƙarama tana kwakkwance rediyon gida. Za ta kammala karatu bana, kada hankalinka ya tashi. Amma yadda aka yi ta kai ga kammalawar, wallahi shi ne yake damuna har yanzu. Shekara ashirin da biyu ina kula da ɗakin walda na makarantar nan, ban taɓa jin ƙyamar wurin kamar bana ba.

An kawo sabon darasi na shekarar ƙarshe, wai a koya wa ɗalibai aiki tare. A haɗa ɗan sashen lantarki, da na injina, da na kwamfuta, su ƙera abu guda. Bana na'urar ɗaga majinyaci daga gado zuwa keken marasa lafiya aka ba su. A takarda abin gwanin sha'awa. To amma kowane shugaban sashe ya ce shi zai ba nasa ɗalibin maki, a kan nasa ɓangaren kaɗai, kuma kowa ya kulle kayan ɗalibansa a sito sai ranar jarrabawa, wai kada a kwafa. Ka ji aiki tare, Yaya.

'Yarka tana sashen lantarki, amma ka san ta da shisshigi. Ta ɗauki tef ta lallaɓa mai sito, ta auna ƙarafan abokan aikinta, ta gano ramukan noti ba su dace da injin lantarkin da ta naɗa wa waya ba, kuma hannun da zai riƙe shi ya yi siriri. Sati uku tana wajena tana koyon walda, har ta ƙona hannun rigarta, ta yi farantin ƙarfe da ya haɗa su. Ranar jarrabawa rukuni tara suka fito da kaya, aka ɗora buhun yashi a madadin majinyaci. Wasu wayarsu ba ta kai ba, wasu ko tsayuwa abin bai yi ba. Nasu kaɗai ya ɗaga buhun ya ajiye a hankali.

Da sakamako ya fito, ita ce ta faɗi. Shugaban lantarki ya ce shafi goma sha huɗu na rahotonta maganar ƙarfe ce, ba hurumin sashensa ba, saboda haka ta kauce wa aikin da aka ba ta. Na injina ya ce ai ba ɗalibarsa ba ce. Waɗanda na'urarsu ko motsi ba ta yi ba suka kwashe maki, don rahotonsu tsaf yake. Na je na yi magana, aka tuna mini cikin ladabi cewa ni mai walda ne. Daga ƙarshe suka ce sun tausaya mata: ta cire shafukan nan ta sake miƙawa, ko ta maimaita shekara. Ta cire, ta ci.

Shekaranjiya ta biyo ɗaukar kayanta. Wata ɗaliba ta nuna mata wani noti da ya saki a jikin injin niƙa ƙarfe, ta tambaye ta ko da haɗari. 'Yarka ta kalli notin, na san ta gane sarai, sannan ta saɓa jakarta ta ce, “Ki tambayi masu shi, ba sashena ba ne.” Ni na ɗaure notin bayan ta fita, raina a ɓace.

Don Allah ka kira ta. Kada ka fara da barka, kowa zai yi mata wannan. Ka tambaye ta yadda ta yi farantin nan, ka bar ta ta yi maka bayani har ƙarshe, don a makarantar nan babu wanda ya tambaye ta.

Ka gaida Antinmu da Gwaggo, da Dogo da Autan gida. Inna tana gaishe ku, ta ce ka daina hawa bene da gwiwar nan.

Naka har kullum,
Ƙaninka mai walda