Rassan Dankalin da Rago Ya Cinye

Zuwa ga ƙanena Kalli, a Diffa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Aliya da yara? Ni lafiya lau nake a Yamai, sai bayana da ke ɗan ƙorafi saboda duƙawa a gonar gwaji.

Kalli, an ce rassan dankalin da na aiko a jiƙaƙƙen buhu, rago ka ba. Rago! Ka taɓa jin an yo wa dabba harawa daga Yamai? Shekaru masu binciken gonar gwajin nan suka yi suna haɗa iri kafin su samu wannan mai jan ciki, mai nuna da wuri.

Na yi fushi har na kasa cin abinci. Amma na san tunda ambaliyar kogin Komadugu ta cinye tattasanka hankalinka ba ya jikinka, kuma ba wanda ya yi maka bayani.

Ga wani buhun nan tafe. Ka dasa ranar da ya iso, a kan tudu. Ba na iya aiko wa yaranka tuwo daga nan, Kalli. Wannan kaɗai nake iyawa.

Allah Ya ba da albarka.

Yayarka,
Meram