Kin Ɗauko Kira, Kin Baro Sallama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata Ramatu, autata, da ke zaune a Yamai. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu a nan Dogon Dutsi sai godiya. Yayyenki suna gaishe ki. Kawunki Arzika na Matankari yana gaishe ki ƙwarai, kuma maganarsa ce rabin abin da ya zaunar da ni rubutun nan.

Na san ba a shanya zancen gida a fesbuk. Amma na kira wayarki har na gaji, tana ƙara ba a ɗauka. Na aika murya ta watsap, ba ki buɗe ba. A nan kaɗai nake ganin alamar kina leƙowa, don haka a nan na biyo ki. Abokanki na kiɗa za su karanta, na sani. Su yi haƙuri da hannun wadda ta shiga karatun manya da furfura a kanta.

Sa'a, ɗiyar gwaggonki da kuke ɗaki ɗaya, ita ta ba ni labari. Kada ki yi fushi da ita, ni na matsa mata. Ta ce kin rame. Ta ce abincin da ta ajiye miki da safe shi take tararwa da marece. Ta ce gidan rediyon da kike haɗa wa sauti sun aiko tambayar ko lafiya. Ta ce kullum abin jin sautin nan yana manne a kunnenki, kwamfuta a cinya, ki buɗe sabuwar waƙa ki yi ta juya ta, ki bar ta, ki buɗe wata. Waɗanda kika fara sun cika fuskar kwamfutar, ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

Tana faɗin haka sai hankalina ya koma hutun da kika yi a gida bayan girbi, lokacin da kika shirya abin nan da kike kira modeli.

Kina ƙarƙashin rumfa, ina gefe ina ɓarar wake. Kin ce kiɗan naku sunansa diram an bes, wato ganga da gurnani. Kin ce duk sanda za ki fara waƙa sai ki ɓata rabin yini wajen jera kaya, kafin ki gama sha'awar ta gudu. Shi ya sa za ki jera su sau ɗaya ki adana, kullum in kin buɗe ki tarar da komai a wurinsa. Na ce ai kamar ɗan ragowar nono ne da matan Fulani ke bari a gindin ƙwarya don na gobe ya kama. Kika ce haka ne Inna, sai dai nawa ba ya tsami.

Na ga layuka kwance kamar kunyoyin gona. Na sama jajaye ne, na ganguna: babba mai dukan ƙirji, ƙarama mai ƙarar mari, da 'yan kacau-kacau. Kin haɗa su duka suna zuba a magudana ɗaya, don ki iya rage su ko ƙara su da yatsa guda. Ƙarƙashinsu shuɗi, na gurnanin nan da ya sa jeren kwanonina rawa a cikin ɗaki. Kin nuna mini dabarar da kika fi ji da ita: duk sanda babbar ganga ta buga, sai gurnanin ya duƙa ya ba ta hanya, sannan ya miƙe. Na ce ashe na'ura ma ta san girman na gaba. Wasu layukan kin bar su fanko, na murya da na abin da Allah ya kawo. Saurin kiɗan ma kin kafa shi, ɗari da saba'in da huɗu, kika ce daga nan ba ya motsi.

Can sama kin dasa 'yan tutoci, kika rubuta musu suna da Hausa don in iya karantawa: shiga, hawa, faɗuwa, hutu, fita. Ƙarƙashin kowace akwai ɗan abin da kika zuba, ban da fita. Na tambaye ki, kika ce wannan sai waƙa ta zo ƙarshe ake sanin ta inda za ta fita. Ban ga komai a cikin maganar ba a lokacin.

Sai kuma layin nan kore guda ɗaya da kika sa wa suna Kawu.

Kafin ranar mun je Matankari gaida shi. Kin san ya daɗe da ajiye kiɗan ƙwarya, tun da ya kama sahun gaba a masallaci. Amma bai taɓa iya ce miki a'a ba. Kika yi ta yi masa magiya har ya kifa ƙwarya a kan rairayi, ya nemo tsoffin sandunansa, ya buga miki kiɗa iri-iri kina ɗauka. Ni ina ciki wajen matarsa muna dama hura, sama-sama nake ji. Da muka dawo gida sai kika yanko ɗan guntu daga ciki, wanda bai fi tsawon numfashi biyu ba, kika ƙara masa sauri, kika ɗaura kansa da wutsiyarsa yana ta zagayawa. Kin ce masu irin kiɗan nan duk daga tsoffin faifan waje suke yanko gangarsu, ke taki daga gida za ta fito, kuma za ta zauna cikin modeli ta shiga kowace waƙarki kamar tsagar gado a fuska. Na ji daɗi har raina. Na saurara a wannan gudun ban gane komai ba, kamar ɗan'uwanka ya wuce ka a kan babur ba ka shaida shi ba.

Ranar kasuwar da ta wuce kawunki ya shigo Dutsi a duba masa ido, ya sauka wurina. Don in faranta masa sai na kunna masa ɗan guntun da kika taɓa sawa a shafinki. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya fara bugawa a gwiwarsa da yatsu, a hankali, yana rage gudu, yana ƙara ragewa. Kafin ya ce uffan na gane, don a wannan takun na san kiɗan. Taken Doguwar gidanmu ne, aljanar da take hawa kan innata.

Ba ki san kakarki ba, kuma ban taɓa zaunar da ke na ba ki wannan labarin ba. Tsakanin lakwal ta boko da islamiyya kika tashi, na ga babu amfanin tono shi. Innata 'yar bori ce. Ina ƙarama nakan riƙe mata gefen zane har bakin fage. In aka saki taken nan, sai in ga idanunta sun zama na wata, muryarta ta zama ta wata, ta wuce ta gabana ba ta san ni ba. Mutane suna guɗa, ni ina tsaye da tsoro ɗaya a cikina: kada ta tafi ke nan. Abin da nake jira kawai shi ne ƙarshen kiɗan. Makaɗa su sassauta, su ƙara sassautawa, babbansu ya ɗora tafin hannu a kan ƙwarya ya danne ta ta yi shiru. Sai inna ta yi atishawa, ta nemi ruwa, ta waiga ta ce, ina ɗiyata take? Sai a nan nake sakin numfashi.

Kawunki ya ɗauke yatsunsa daga gwiwa. Can ya ce: "Ranar nan na buga, kuma na rufe kamar yadda aka koya mani. Amma yarinyar ga tsakiya ta ɗauka. To in baƙuwa ta zo, wa ka sallamar ta?" Ya ce ubangidansa a kiɗa ya gaya masa, ko gobara ta tashi a gari, makaɗi ba ya barin kan ƙwarya sai ya sallami wanda ya kira.

Tun ranar nake lissafa abin a raina, Ramatu. A da sai an share fage, an tara dattawa, kafin a buga taken nan, kuma ba kullum ba. Ke kuwa kin sa shi inda duk sanda kika buɗe sabon aiki shi ne zai fara tashi. Yana zagayawa ba ya gajiya, da gudun da hannun mutum bai taɓa buga shi ba, a cikin kunnenki ke kaɗai, ba babba a kusa. Wurin fita kuma fanko ne, da idona na gani.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce camfi ne, sauti sauti ne, na'ura ba ta kiran kowa. Wasu masu karanta wannan za su ce Hajiya ta koma gidan jiya. Ni ma na yi istigfari ba adadi, kuma na san babu mai cutarwa ko amfanarwa sai Allah. Yayanki Issufu, da yake aikin asibiti ne, ya ce rashin barci ne da damuwa, likita kike buƙata. Wataƙila shi ne da gaskiya, in haka ne kuwa ni zan raka ki da ƙafata. Ba zan iya rantsuwa cewa akwai wani abu a cikin kwamfutarki ba. Abin da na sani, na taɓa tsayawa ina kallon wadda nake so tana nisa da ni alhali tana gabana, kuma abin da Sa'a ta kwatanta mini ya yi kama da shi fiye da yadda zuciyata za ta iya ɗauka.

Ga abin da muka yi kafin ya koma Matankari. Kawunki bai zo da sandunansa ba, sai na karyo masa karan dawa biyu daga danga, na kifa masa ƙwaryar da nake wanke hatsi. Ya ce shi da ya tuba ga shi 'yar ƙanwa ta mai da shi ruwa, ya nemi gafarar Allah, sannan ya buga rufewar kaɗai, ba kiran. Ni na ɗauka da wayata. Da farko na ɗage yatsa da wuri ba abin da ya shiga, muka sake. Yana nan cikin watsap ɗinki yana jiran ki. Za ki ji tarinsa a ciki, da akuyar maƙwabta, da muryata ina tambayar inda ake kashewa. Waɗannan ki yanke su, ke kika san yadda ake yi.

Ban ce ki bar kiɗa ba. Lokacin da matan unguwa ke cewa ina aka taɓa ganin ɗiya mace da wannan sana'a, ni na tsaya miki, yau ma ina tsaye. Kawunki ya fi son ki cire taken gaba ɗaya, ya ce zai buga miki na noma ko na daka, waɗanda ba su da mai su. In kin yarda da haka, madalla. In kuma ranki ya riga ya kama wannan, to roƙona ɗaya: ki buɗe modelin nan shi kansa, uwar, ba 'ya'yan ba, ki sa rufewar kawunki a ƙarƙashin tutar fita, ki adana. Kowace waƙa da za ki haifa daga ciki ta zo da hanyar komawarta. Na san za ki ce saurinku ba ya motsi, rufewar kuwa sassautawa take. Wannan ban san maganinsa ba. Amma wadda ta koya wa gurnani duƙawa ba za ta rasa dabarar koya wa ganga tsayawa ba.

Sannan ki ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda kika fara, ko wadda ta fi muni, ki kai ta ƙarshe. Ba sai ta yi kyau ba. Ki ji ta yi shiru da kunnenki. Daga nan ki cire abin kunnen, ki ci abin da Sa'a ta dafa, ki kwanta.

Auta, tun kina goye kike bugu. In na ɗauke ki zuwa rijiya, hannunki na kan kafaɗata yana ƙwanƙwasa, har barci ya ɗauke ki yatsun ba su daina ba. Nakan kai hannu baya in riƙe su a hankali har su kwanta. Ban taɓa tsawata wa hannun nan ba. Yanzu ma ba tsawa nake ba, nisa ne kawai ya hana ni kai hannu.

Zan jira har Juma'a. In aka tashi kasuwa ban ji muryarki ba, Asabar da safe zan shiga motar Yamai. Kin san yadda mota take yi mini, tun kafin Dosso na galabaita, amma zan zo. Ba zan taɓa kwamfutarki ba, ba zan yi miki faɗa a gaban Sa'a ba. Tabarma kawai za ki ba ni kusa da ke, in zauna har ki gama ɗaya, ki waigo.

Allah ya tsare mini ke daga abin da muke gani da wanda ba mu gani. Allah ya sauko miki da barci mai daɗi, ya buɗe miki ci, ya sanyaya kanki. Ya sa albarka a hannunki da kunnenki, ya ba ki ikon gama abin da kika fara. In cuta ce ya kawo sauƙi, in gajiya ce ya kawo hutu, in kuskurenmu ne mu manya ya yafe mana kada ya kama ki da shi. Allah ya jiƙan innata da babanki. Amin.

Ki kira ni, ko ba za ki ce komai ba. Numfashinki ma zan gane.

Ni ce innarki,
daga Dogon Dutsi.