Kalmar da Na Rataya wa Gwaggo

Yaya tawa,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baban Yara da 'yan biyunki, ya kuma sauƙaƙa miki wahalar aiki. Mu nan sai godiya. Baba yana nan yana fama da keken ɗinkinsa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta karɓe girki daga hannuna, wai miyata ruwa ce da gishiri kawai.

Na gode da ƙamus ɗin da kika aiko, amma ya kusa jawo mini rigima. Malamarmu ta Turanci ta ce manyan kalmomin bayyana hali ba sa zama a kai sai an rataya kowace a wuyan mutum mai rai. Sai na fara da gida. Baba ya sami kalmar mai haƙurin da har yakan ba mutane haushi. Kawu direba ya sami ta mai cika baki. Gwaggo kuwa na ba ta wata doguwa, mai nufin mutumin da ko kujera ta tare masa hanya sai ya yi mata masifa. Matsalar ita ce nakan ƙura wa mutum ido ina motsa baki, har Mama ta taɓa goshina ta ce a kai ni asibiti. Dole na yi bayani.

Ana cikin haka Malama ta zaɓe ni in tsaya ranar taron iyaye in bayyana halin wani ɗan gidanmu da Turanci. Ni da kika sani, ko baƙo ya yi sallama bayan ƙofa nake gudu. Gwaggo na jin labarin ta ce ita za a bayyana, tunda ita ta goya ni, kuma za ta zo da 'yar maƙwabtanmu mai aiki a kantin magani ta fassara mata kalma bayan kalma. In na yi ƙarya Malama za ta gane, don ba ta manta ranar da Gwaggo ta je makaranta ta tayar da masifa a kan takalmina da ya ɓata ba. In na faɗi gaskiya kuma, zan kunyata matar da ta raine ni a gaban jama'a.

Da Gwaggo ta fahimci daga kallo nake samo kalmomin, sai ta sauya hali. Ta koma magana ƙasa-ƙasa. Mai gyaran famfo ya bar mana shi yana zuba fiye da da, ta ce Allah ya yi masa albarka. Akuyar maƙwabta ta cinye mata mayafi a kan igiya, ta yi murmushi, ta waigo ta ga ko ina kallo. Gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki. Baba ya ce shi tsoro ma yake ji, a dawo masa da yayarsa.

Ranar taron na hau dandamali, na ga kawunan mutane cike da zaure, kalmomin duka suka gudu. Makirufo ɗin ya yi ƙara, wasu samari a baya suka fara dariya, ni kuma hawaye ya taho. Sai na ji kujera ta faɗi. Gwaggo ce ta miƙe. Ta tambayi samarin ko a gidansu ba a koya musu kunya ba, ta ce wanda ya isa ya hau ya yi Turancin mu gani. Ta juya kan shugaban makaranta ta ce ya gyara wannan ƙarfen nasa mai kuka kafin ya kurmantar da mutane. Sannan ta nuna ni da jaka, ta ce in buɗe baki, ba ta ƙyale akuya ta ci mata mayafi don in zo in yi shiru ba.

Yaya, sai kalmomin suka dawo da kansu. Na ce ba ta da tsoro, ba ta ɓoye abin da ke ranta, tana tsaya wa nata. Na rufe ido na faɗi doguwar ma. Malama ta ce ba ta taɓa ganin ɗalibar da ta zo da misalinta har cikin zaure ba.

A hanya 'yar kantin magani ta fassara komai, har doguwar, ba ta rage ba. Na sunkuyar da kai ina jira. Sai Gwaggo ta ce duk sauran zaƙin baki ne irin na Turawa, wannan ɗayar ce kawai tata, in koya mata. Yanzu ta iya ta sarai. Jiya ta tare mai gyaran famfo a bakin ƙofa, ta buga ƙirji ta faɗa masa ita da Turanci, ya koma ya ɗauko kayan aikinsa.

Ki gaishe mini da Baban Yara, da 'yan biyu, da surukarki. Baba da Mama da Kawu suna gaisuwa. Gwaggo ta ce in nemo kalmar mutumin da ba ya rubuto wa gida wasiƙa, ta ce akwai wuyan da take so ta rataya wa. Na same ta, amma na ce mata ban kai wannan shafin ba tukuna. Ki yi sauri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
'Yar Shiru