Ma'aunin Cuku na Gidan Marku

Litinin, 3 ga Maris
Zuwa ga mai girma shugaban ƙauye da Malama Lule ta ajin manya, ko da yake ba zan nuna muku ba. Ni Ndue Marku, makiyayi, da hannuna nake wannan rubutu.

An kwantar da matata Drane a asibitin birni, cikinta wata takwas. Likita ta ce sukari da maiƙo sun yi yawa a jininta, ɗan zai yi girman da zai wahalar da ita. Na sanar da likita cewa a gidan Marku a ma'aunin cuku ake auna jariri gaban maza, kuma ni kilo biyar na yi. Ta ce, "Malam, ita mahaifiyarka yaya ta ƙare?" Ban ga dalilin amsawa ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na manta na dafa wake na mutum biyu. Kare ya ci rabonta.

Lahadi, 23 ga Maris
Ganye da kifi kawai suke ba ta. A wajenmu ba a hana mai ciki abin da ranta ke so, kada ɗa ya fito da tabo. Na ɓoye zuma da burodi mai man shanu cikin riga na kai mata, karo na uku ke nan. Tana dariya ta ce, "Kai tsoho, son nan naka sai ya kai ni ƙasa." Ta cinye.

Talata, 8 ga Afrilu
An yi mata aiki. Namiji, kilo biyar ba kaɗan. Sukarinsa ya faɗi, yana cikin akwatin gilashi. Drane ta zubar da jini, har yanzu ba ta farka ba. Likita ta tsinci kwalbar zumar a ƙarƙashin gado, ta miƙo mini.

Laraba, 9 ga Afrilu
Mahaifiyata kwana biyu ta yi a duniya bayan haihuwata. Kilo biyar ɗin kawai ake ba ni labari.

Asabar, 19 ga Afrilu
Sun dawo gida, su biyu. Maza sun taru don awo. Na sanar da su cewa ma'auni ya lalace. Kol Gjoka maƙwabcina ya ce, "Jiya fa ka auna mini cuku da shi, Ndue." Na ce yau ya lalace.

An yi haka a gaban Kol Gjoka, da surukata Prenda, da Drane, wadda ke zaune bakin taga tana numfashi.